Tsohuwar da Ta Kulle 'Yata

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Abin da ya fara fita daga bakina ke nan da safiyar da ɗanta ya kira daga Manchester ya ce tsohuwa ta rasu. Sai da na ajiye waya sannan na tsaya ina tambayar kaina ko ya dace in faɗi haka a kanta, tunda ba ta taɓa kai goshinta ƙasa ba. Na riga na faɗa, kuma ita ma ai can ta koma.

Yayar maigidana na fara kira, a Small Heath. Ta ce, "Allah sarki, 'yar Cainan nan mai kawo muku turararren burodi? To, Allah ya ba danginta haƙuri." Sai ta sassauta murya. "Kin dai san ba a roƙa musu gafara ko? Kada tausayi ya kwashe ki." Na ce na sani, Yaya. Ta ce, "Yauwa. Yanzu kuma sai ku sauke tarkacen nan daga kicin, kowa ya huta."

Ƙawata ta Lozells, 'yar zangon Kumasi, ba ta tambaye ni addinin kowa ba. Ta hau bas biyu da tukunyar shinkafa da wake a cikin leda, ta shigo ta rungume ni. "Ka yi haƙuri, Maman yarinya, ka yi rashin uwa," in ji ta, da Hausarsu da ba ta raba mace da namiji. A lokacin ne kuka ya zo mini.

Maigidana ya dawo daga asibitin da yake aiki, na faɗa masa tun a bakin ƙofa. Ya wuce kicin da takalmi a ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya gaban wata ƙusa da ke gefen murhu, ya daɗe a tsaye.

Abin da ke rataye a ƙusar nan kwaɗo ne, ɗan ƙarami, irin wanda ake sayar wa ɗalibai a shagunan Bristol Road su kulle akwati. An ɗaura masa jan zare guda goma sha ɗaya. Na farko ya koɗe saboda tururin miya, na ƙarshe yana nan jawur. Ranar da 'yata za ta cika shekara goma sha biyu ya kamata a buɗe shi, kuma wadda ta kulle ita ce za ta buɗe. Saura kamar wata biyu tsohuwa ta tafi.

Ba a yi mata zaman makoki ba. Mu 'yan kaɗan muka zauna a wani ɗaki mai kujeru a jere, aka ja labule a kan akwatin gawa, daga baya aka ƙona gawar, aka miƙa wa ɗanta tokar a cikin ɗan tulu. Na dawo daga Manchester a jirgin ƙasa. A garinmu in tsohuwa irin wannan ta rasu, sai an kwana bakwai ana ba da labarinta, har wanda ta zaga ma ya zo ya faɗi zagin a yi dariya. Ni ba ni da tabarmar da zan shimfiɗa mata a nan sai wannan rubutu.

Bango ɗaya ya raba mu a Selly Oak, a layin da kusan duk gidajensa na 'yan uni ne, wato ɗaliban jami'a, masu barin shara a ƙofa. Daga wani ƙauye ta zo, can cikin duwatsun arewacin ƙasar Sin, don ta yi rainon jikanta, saboda ɗanta yana aikin bincike a jami'a, matarsa kuma tana fita aiki. Jikan yana kiranta Nainai, wato kaka ta wajen uba, mu ma duk muka ɗauka. Ni kuwa a lokacin ina da jaririya, ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, kuma likitoci sun riga sun gaya mana tana da sikila.

Ta bango ta fara jin kukan yarinyar. Wata rana da hantsi ta buga mini ƙofa, ta ture ni ta wuce babu ko gaisuwa, da fulas a hammata. Ta kama tafin ƙafar jaririya, ta ɗago ta harare ni kamar ta kama ni ina sata. "Cold," in ji ta. "No good." Turancinta duka bai cika tafin hannu ba, amma waɗannan kalmomi biyu sun ishe ta mulkin gidana shekara da shekaru. Daga baya ta ƙara da "sannu" da ta tsinta a bakina, da ita take gaisuwa, da ita take ban haƙuri, da ita take korar mutum.

Kada wanda ya karanta wannan ya zaci mai sanyin hali ce. Ta fi uwar mijina sa ido, kuma ita uwar mijina tana Kano, sai ta waya. Tsohuwa ta taɓa buɗe mini firji ta juye ƙanƙarata duka a wurin wanke-wanke. Ta hana ayaba, ta hana kankana, ta hana wanke kai da yamma, duk wai suna sa sanyi a ƙashi. Ta saƙa wa yarinyar wani wando na ulu ruwan lemo, mummuna na gaske, ta kuma riƙa leƙowa ta taga ta ga ko an sa. Sau da yawa in na ji bugun ƙofarta sai in yi tsaki kafin in buɗe. Amma duk ranar da ciwo ya tashi, yarinya tana murƙususu tana cewa ƙashinta, kafin motar asibiti ta iso tsohuwa ta riga ta zauna a ƙasa, ta sa ƙafafun yarinyar a cikin rigarta, a kan fatar cikinta.

Faɗanmu na farko a kan abinci ne. Ta kawo wani ƙullin fulawa mai nama a ciki, na karɓa na yi godiya, na ajiye. Washegari ta gan shi yadda ta kawo. Ta ɗauke farantinta ta fita ta bugo ƙofa, ta daina amsa mini sannu. Sai da ɗanta ya yi mata bayanin halal. Bayan 'yan kwanaki na hango ta ta taga, ta sauko daga bas da sabuwar tukunya a hannu ɗaya, da ledar wani mahauci na Small Heath a ɗaya hannun. Yadda ta gano wurin ita kaɗai, da kalmominta uku, har yau ban sani ba. Ta ɗaura wa tukunyar zare a mariƙi, ta zama tamu, ko surukarta ba ta isa ta taɓa ba.

Maganar kwaɗo ta taso ranar da yarinyar ta cika shekara ɗaya, ba mu daɗe da fitowa daga asibiti ba. Tsohuwa ta shigo da ɗanta a matsayin tafinta, shi kuwa duk kunya ta ishe shi, yana ta gyara tabarau. Ya ce a ƙauyensu in aka haifi yaro mai laulayi, sai a samu wata mace da ba dangi ba ta kulle shi da kwaɗo, wai don a riƙe shi a duniya. Suna ce mata busasshiyar uwa, tunda ba ta shayar ba. Kowace shekara za ta ƙara jan zare ɗaya. In yaro ya kai sha biyu, ya wuce shekarun da ake fargaba, sai ta buɗe, daga ranar ya zama mutum. Ya ƙarasa da cewa, "Camfin mutanen da ne kawai, ku yi haƙuri, ta matsa mini."

Maigidana ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ka gaya mata rai a hannun Allah yake, ba a hannun padlock ba. Ba za a rataya wa 'yata shirka a wuya ba." Ni ma abin da ke raina ke nan. Aka fassara mata. Ba ta yi fushi ba, abin da ya ba ni mamaki. Ta yi magana doguwa tana kallon murhu, ɗan bai fassara ba sai da ta daka masa tsawa.

Ashe ta taɓa haihuwar mace, tun kafin shi. Babu wadda ta yarda ta zama busasshiyar uwa a lokacin, kowa na ta kansa, sai ta kulle ta da kanta. Aka shiga shekarun yunwa, yarinyar ta rasu da zare bakwai, aka binne ta da kwaɗon a kulle. Shi ɗan an haife shi a zamanin da aka hana irin waɗannan al'adu, ba a kulle shi ba. Jikan kuma uwarsa ta ce ba ta son ƙauyanci. Ɗan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Cewa take yi ta taɓa kullewa, amma ba ta taɓa buɗewa ba. Tana so ta buɗe ko sau ɗaya kafin ta mutu."

Maigidana ya koma ya zauna. Can ya ce yarinyar ba za ta kwana da kwaɗon a wuya ba, ba kuma za a ambaci wani abin bauta a gidansa ba. Tsohuwa ta ce ai dama a gefen murhu ake ratayewa, sau ɗaya a shekara ake saukowa da shi. Maigidana da kansa ya ɗauko guduma ya buga ƙusar, yana ce mini, "Mu a wurinmu ado ne kawai, ki gaya wa Yaya haka in ta tambaya." Ita kuma ta zura ɗan makullin a igiya ta rataya a wuyanta, ta cusa cikin riga.

Haka muka riƙa yi. Kowace shekara sai ta turara wani ƙaton burodi mai rami a tsaka, ta zura wa yarinyar ta ka har wuya, yarinya tana ƙyalƙyala dariya tana gutsura. Sai a sauko da kwaɗo a ɗora mata a ƙirji na ɗan lokaci, tsohuwa ta ɗaura sabon zare da haƙoranta, a mayar. Da yarinyar ta yi wayo sai suka fara gwajin babbar ranar. Za a murɗa makulli sau uku, a ɗan bugi yarinyar da tsintsiya a baya, ta ruga ta fita ƙofa ba tare da ta waiwaya ba. In ta dawo ta zama babba, da manya za ta ci abinci, faɗan manya za a yi mata. Sun gwada tsintsiya da gudun har ba adadi, 'yan uni suna kallonsu ta taga. Makulli kaɗai ba a taɓa gwadawa ba. "Now, Nainai?" in ji yarinyar. Tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Not yet."

Sai aka shiga shekarun da gwamnati ta ɗaure bakin aljihu. An rufe gidan wasan yara na unguwarmu, inda tsohuwa take kai 'yata da jikanta da rana saboda akwai ɗumi. Laburare ya koma buɗewa jefi-jefi. Ni aka sallame ni daga ofishin da nake aikin akanta, maigidana kuma aiki ya ninku a kansa har sai in kwana biyu ban ga fuskarsa da rana ba. Ƙarshenta aka ƙi sabunta wa ɗan tsohuwa kwantiragi, ya samu wani aiki a Manchester, ƙasa da wanda ya bari. Ranar tashi tsohuwa ta zauna a kan dakalin ƙofarmu ta ƙi shiga mota, ɗanta yana roƙo, direba yana duba agogo. Ni na kama hannunta na kai ta. Ta zage ni da yarensu tun daga ƙofa har mota, ban ji ko kalma ba amma na san zagi ne.

Ba ta fasa zuwa ba. Kowace shekara sai ga ta a tashar manyan motoci da burodinta a naɗe cikin tawul, ta ƙara rama, ta ƙara gajarta. Ta leƙa firjina, ta taɓa ƙafar yarinya, ta ɗaura zarenta, ta koma a ranar. Zare na sha ɗaya da ƙyar ta ɗaura shi, don haƙoran sun zube, sai da yarinyar ta danne mata ƙullin da yatsa.

Ba a jima ba shanyewar ɓarin jiki ta same ta. An yi ta jiran council, wato ƙaramar hukuma, ta turo masu kula da ita a flat ɗinsu, shiru, ɗan da matarsa kuma ba mai iya ajiye aiki. Aka kai ta wani gidan tsofaffi a wajen gari, inda babu mai jin yarenta ko ɗaya. Ma'aikatan ba mugaye ba ne, sun yi kaɗan ne, kullum a guje suke. Ranar da na fara zuwa na tarar da ita a kujera gaban talabijin, da jug na ruwan sanyi a gefenta, ba ta taɓa ba, leɓenta duk ya tsage. Matar da ta shekara tamanin ba ta sha ruwan sanyi ba. Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata. Daga ranar duk sanda zan je sai na cika fulas, na kama tafin ƙafarta, na ce mata, "Cold. No good." Ta yi dariya da ɓarin bakin da ya rage mata.

Faɗanmu na ƙarshe a ɗakin nan aka yi. Likitansu ya ja ɗanta gefe ya gaya masa abin da maigidana ma ya gani da kallo ɗaya, cewa ba za ta kai bazara ba. Muka haɗa baki. Na sauko da kwaɗo daga ƙusa, na sa a jaka, muka hau jirgi da yarinyar, har tsintsiya na saya a hanya. Ɗan ya durƙusa gabanta yana lallashi. Ya ce ai a ƙidayar ƙauyensu yaro da shekara ɗaya ake haifarsa, don haka yarinya ta riga ta wuce sha biyu ma, a buɗe yau.

Tsohuwa ta miƙo hannun da ke motsi, na ɗora mata kwaɗon a cinya. Ta bi zaren ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta kai ƙarshe, ta sake farowa. Sannan ta damƙe makullin ta cikin riga ta girgiza kai. Ɗan ya ce, "Wai a nan aka haife ta, ƙidayar nan za a bi. Wai in aka buɗe kafin lokaci, an saki yaro ke nan a tsakiyar hanya." Raina ya ɓaci. Na manta ba ta jin Hausa, na ce, "Haba Nainai, taurin kan nan har yaushe? Ke fa kika ce kina so ki buɗe. Ga shi an kawo miki har gado, ki buɗe mana." Ta kalle ni, ta kalli yarinyar, ta haɗa sababbin kalmomi biyu da ban san ta iya ba. "I wait," in ji ta.

Na mayar da kwaɗon cikin jaka ina huci. A jirgi yarinyar ta ce, "Mama, ba taurin kai ba ne. If she opens it, she's got nothing to wait for." Na kalli taga har Birmingham.

Ta jira iya ƙarfinta, bai kai ba. Bayan an gama da gawarta ɗan ya zo gidanmu ya ajiye mini makullin a kan tebur, da igiyarsa da ta yi baƙi saboda gumin shekaru. Ya ce a ƙauyensu in busasshiyar uwa ta rasu, wani babba yana iya buɗewa a madadinta. Maigidana, wanda ya kira abin shirka, shi ya ce, "Ni zan buɗe mata ranar. A cika wa tsohuwa burinta, a rabu da abin."

Ranar ta zo ta same mu a asibiti. Ciwon ya hau ƙirji a wannan karon, wanda aka fi tsoro, yarinyar tana kwance da abin numfashi a fuska. Babu burodi, babu tsintsiya, ba kuma wanda ya ambaci kwaɗo. Allah ya sa ta tashi, muka dawo gida bayan mako biyu, ƙafafunta kamar sillen kara.

Yaya ta yi gaskiya, akwai addu'ar da aka koya mini ba zan yi wa tsohuwa ba, kuma ban yi ba. Na bar ta da Wanda ya halicce ta, wanda ya ga ƙafafun 'yata a cikin rigarta, ya ga tukunyar nan, ya kuma ga ƙaramin kabarin da ta baro a cikin duwatsu. Shi ya fi ni sanin abin da zai yi da ita. Mu da ta bari, Allah ya ba mu haƙuri, don ni dai har yanzu ban same shi ba.

Da yarinyar ta ɗan murmure, wata Asabar da rana, na ɗauko makullin, babanta ya sauko da kwaɗo, na jingina tsintsiya a bango na buɗe ƙofar waje. Ta zo ta tsaya a tsakiyar kicin cikin rigar sanyi biyu. Babanta ya zura makulli. Sai ta dafa hannunsa.

"Abba, tsaya," in ji ta. Ta juyo gare ni. "Mama, Nainai ta ce ba a buɗewa sai yaro ya wuce wurin da ake jin tsoro. Na wuce?"

Na kalli babanta, likita, shi kuma ya kalli ƙasa. Mu biyun mun san ciwonta ba ya ƙarewa a sha biyu, ba ya ƙarewa a ashirin. Na ce, "In sha Allahu."

Ta ce, "That's not yes, Mama."

Ta zare makullin daga hannun babanta, ta mayar da kwaɗon kan ƙusa da kanta, ta je ta rufe ƙofar saboda iska tana shigowa. Makullin yana wuyanta yanzu, a cikin riga. Babanta ya gani, bai ce ta cire ba.